Saƙon Inna Zuwa Ga Mutumin Hasumiya

Tun da na dawo daga ƙasar Nijar, babu yammacin da zan zauna a majalisarmu ta ƙofar kantin Alhaji Mudi a Gyadi-Gyadi ba a tambaye ni yadda tafiya ta kasance ba. A wurin aiki ma haka ne, a asibitin koyarwa inda nake tura marasa lafiya daga wannan ɗaki zuwa wancan. Amsar da nake bayarwa ba ta wuce zancen burodi da zafin rana. Kun yi haƙuri da ni, amma na san kun san ba burodi na je ci ba. Bakina ya kasa ɗaukar maganar, shi ya sa na zauna na rubuta ta. Wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi.

Ga waɗanda ba su san mafarin ba, ƙanena Habibu matuƙin jirgin sama ne. Ni na riƙe shi tun yana shekara shida, da mahaifinmu ya rasu. Ni karatuna bai yi nisa ba, shi kuwa Allah ya buɗa masa har ya je Zariya ya koyi tuƙi, ya samu aiki a wani ƙaramin kamfanin jiragen kaya, yana mataimakin direba. Damina uku da suka wuce jirginsu ya daki dutse a arewacin Nijar, ana hadari, suna shirin sauka. Su biyu ne a ciki, shi da babban direban, wani Bature. Kafin labari ya iso Kano an riga an binne Habibu a can. Wani mutum daga kamfanin ya zo ya yi mana gaisuwa, ya ce laifin mutumin hasumiya ne, wato ma'aikacin da ke zama a saman dogon benen filin jirgi yana gaya wa direbobi ta rediyo tsayin da za su bi. Ya ce sunansa Isuhu, da bakinsa ya amsa laifi, har an kore shi. Daga ranar ba mu sake ganin kowa daga kamfanin ba. Lokacin soja ne, wa za ka je ka tambaya?

Tun daga nan Inna, mahaifiyarmu, ba ta shafa addu'a ba tare da ta yi wa mutumin Allah ya isa ba. Ni ma ina yi, ba zan ɓoye ba. Da soja suka miƙa mulki bana, rediyo ta cika da mutane suna faɗar abin da aka yi musu a baya. Wata Juma'a na je gaishe ta a gidanmu na Tarauni, na tarar ta kashe rediyon ta zauna tana jirana. Inna ba ta faɗar sunana, don ni ne ɗan fari, Babba take ce mini.

Ta ce, "Babba, kowa yana kai kukansa. Ni ba ni da kotu, kai nake da. Ka je ka ga kabarin ƙanenka. Ka nemo mutumin nan, ka kalli tsabar idonsa, ka ce uwar Habibu ta ce ba ta yafe ba, duniya da lahira."

Na ce zan je. Na karɓi hutun mako guda.

Ranar Litinin da hantsi ɗan acaɓa ya sauke ni a tashar Ƙofar Ruwa, na shiga fijo mai zuwa iyaka ta hanyar Daura. Kusa da ni wata 'yar kasuwa ce, Hajiya Dije, mai kai atamfa Damagaram, mace mai jiki da baki. Kafin mu kai Kazaure na san sunan duk surukanta da laifin kowannensu. Ta tambaye ni abin da zai kai ni, na ce ziyara.

Ta ce, "Ziyara da wannan fuskar? Allah ya jiƙan wanda za ka ziyarta."

Wasa take yi. Na ce amin, sai ta dube ni da kyau, ta yi shiru har Daura. A nan ta saya mini gyaɗa dafaffiya ta ajiye a cinyata. Ban iya ci ba. Tun da muka bar Kano nake maimaita saƙon Inna a zuciyata, ina gyara yadda zan tsaya da inda zan sa hannuna.

A iyaka aka sauke mu, muka taka da ƙafa zuwa ɓangarensu. Mutanen Hausa suke yi kamar mu, sai dai tasu ta sha Faransanci, kuma inda muke cewa lafiya su lahiya suke cewa. Wani jandarma, irin 'yan sandansu na hanya, yana zaune a ƙarƙashin rumfa yana duba takardu. Da layi ya zo kaina ya ɗaga kai ya ce, "Mushe, matso."

Na tsaya cak. Mutumin da ya taso don ganin kabari, a kira shi mushe tun bai shiga ƙasar ba. Na ce, "Wa kake ce wa mushe? Ka ga na yi maka kama da mataccen jaki?"

Sai aka kwashe da dariya a rumfar. Hajiya Dije ta riƙe ciki. Ta ce, "Malam Sule, girma ya ba ka. Mushe a nan shi ne ranka ya daɗe. Malamin makaranta ma mushe ne, likita mushe ne."

Jandarman bai yi dariya ba. Ya ce, "Ku Kanawa, an ba ku girma kun ce zagi ne. Don kun samu farar hula bana shi ne kuke hura hanci? Mu har yanzu kaki ke mulkinmu. Zazzage jakar."

Na zazzage a kan tabarma. Ya ɗaga kowace riga, ya shinshina man shafawata, ya buɗe ƙullin goron da Inna ta ba ni. Can ƙasa ya tarar da hoton Habibu cikin farar riga mai igiya a kafaɗa. Ya tambayi ko wane ne, na faɗa masa, na kuma faɗa masa inda yake kwance. Ya daɗe yana kallon hoton. Da kansa ya ninke rigunana ya mayar, ya ce Allah ya gafarta masa, in wuce. Na wuce ban ba shi haƙuri ba. Sai a mota na tuna, kuma ga shi mun riga mun yi nisa.

Mun shiga Damagaram bayan la'asar. Hajiya Dije ta kai ni gidan mai masaukinta a cikin birni, aka ba ni tabarma a zaure tare da wasu fataken shanu. Da safe aka kawo burodin da nake ta ba ku labari, dogo kamar taɓarya, bayansa kamar ɓawon kuka. Na gatsa da ƙarfi irin yadda muke yi wa namu, ya yanke mini dasashi. Fataken suka nuna mini a shayi ake tsoma shi. Na tsoma, amma bakina na jini, na haƙura da ruwan shayin kawai. Abin da na lura da shi a garin, mutanensu ba sa sauri, kuma gaisuwarsu ta fi tamu tsawo. Mutum zai tambaye ka gajiya sau uku, kuma kowane karo yana jiran amsa.

Daga nan na shiga mota ta uku zuwa arewa, wata tsohuwar akori-kura da muka hau bayanta tare da buhunan gero. Ba zan faɗi sunan garin da na nufa ba, domin mutumin yana can da iyalinsa. Mun kwana a hanya saboda taya, muka isa washegari da rana tsaka. Na nufi filin jirgi kai tsaye. Ɗan ƙarami ne, bai kai rabin namu ba, ga hasumiyar a tsaye da gilashi a samanta, ga kuma dutsen a gabas, baƙi, shi kaɗai. Ban so na kalle shi ba, amma babu inda za ka juya ba ka gan shi ba.

Ofis a rufe. A ƙasar nan da zarar rana ta take kowa sai ya kulle ya tafi gida ya kwanta, sai wajen la'asar a dawo. Mu a nan in ma'aikaci ya yi haka sai a ce ya gudu daga aiki, su kuwa doka ce. Na zauna a gindin wata bishiya da yunwar kwana biyu. Mai gadi ya gaji da ganina ya zo ya tambaye ni. Da na ambaci sunan, ya ce, "Mushe Isuhu? Ai ya daɗe da barin nan. Gyaran rediyo yake yi a gida, bayan masallacin Juma'a. Ka tambayi kowa."

Gidan ƙasa ne mai ƙaramin zaure, an jera tsofaffin rediyoyi a kan benci. Na tsaya a ƙofa, na daidaita tsayuwata yadda na shirya, na yi sallama. Ba a amsa ba. Ina jin motsi a ciki ya tsaya. Can wani siririn mutum ya fito, zai girme ni kaɗan, da ƙarfen lici na gyaran rediyo a hannunsa. Ya ce, "Don Allah sake sallamar."

Na sake. Ya ajiye ƙarfen a ƙasa, ya zauna a kan dakali, sannan ya amsa. Ya ce, "Kai ɗan'uwan Habibu ne."

Na ce yayansa ne, na tambaye shi yadda aka yi ya sani.

"Ban taɓa ganin huskarsa da rai ba. Ba ya hawowa wurina, ni kuma ba na sauka. Amma shekara biyu muna magana, duk Talata da Asabar. Muryarku ɗaya."

Na buɗe baki zan sauke abin da na ɗauko. Ya ɗaga hannu. Ya ce a garinsu ba a jin maganar baƙo da ƙurar hanya a ƙafarsa, sai ya sha ruwa, ya yi salla, ya ci abinci. Na ce a ƙoshe nake. Daga cikin gida muryar wata tsohuwa ta ce, "Ƙarya yake, Isuhu, daga nan nake jin cikinsa." Mahaifiyarsa ce, Hajiya Tamadi, idonta ya yi rauni amma kunnenta garau.

Aka kawo fura mai sanyi a ƙwarya, sannan tuwon gero da miyar kuka da busasshen nama. Na yi niyyar in taɓa kaɗan don kada a ce na raina. Ban san lokacin da na ga gindin kwanon ba. Wannan shi ne abu na farko da nake jin nauyin faɗa muku. Na ci tuwon mutumin da na shekara uku ina yi wa Allah ya isa, na sha furarsa, har aka ƙaro mini miya ban hana ba.

Bayan la'asar ya ɗora shayi a kan gawayi. Shayinsu sau uku ake zubawa, kuma ba a tashi sai an sha na ukun. Bai jira na tambaye shi ba.

Ya ce, "Aikinmu ba na ido ba ne, na kunne ne. In na gaya wa direba tsayin da zai bi, dole ya maimaita mini abin da ya ji, ni kuma in saurara in ji ko daidai ne. Wannan maimaicin shi ne igiyar da ta riƙe mu duka. Kuma doka ta ce da Turanci za a yi, ba ƙari ba ragi. Ranar da na fara jin ƙanenka, na ji Hausa a ƙarƙashin Turancinsa. Na ce masa sannu da hanya. Ya ce sannu da aiki, ya iyali. Daga nan muka saba, kullum sai mun gaisa kafin a shiga aiki. Laifina na farko ke nan, don ni ne babba, ni na fara."

Ya juya shayin daga kofi zuwa buta, ya ci gaba. Ya ce ranar hadari ya rufe gabas, ba a ganin dutsen. Baturen yana fama da tuƙi, Habibu ne a kan rediyo. Shi Isuhu ya so su sauko zuwa ƙafa dubu biyu da ɗari biyar, su tsaya a nan har su wuce dutsen.

"Doka ta ce in faɗi dubu, in faɗi ɗari, kowanne da sunansa. Ni kuwa na yi yanke, na jero lambobin ɗaya bayan ɗaya: biyu, biyar, sifili, sifili. Laifina na biyu. A Turanci biyu ita ce tu. Kalmar da ke nufin zuwa, ita ma tu ce, baki ɗaya ake faɗarsu. Sai ya ji kamar na ce ya sauko zuwa biyar, sifili, sifili. Ƙafa ɗari biyar. Dutsen nan ya fi haka."

A nan na samo fushina da tuwo ya danne. Na ce, "Ai yanzu ka ce ana maimaitawa. Da ya maimaita, barci kake yi?"

"Ya maimaita."

"Ka ji ya faɗi ɗari biyar ka ƙyale shi?"

Ya ajiye butar. Ya ce, "Ga abin da ya ce." Sai ya sauke murya, ya faɗa yadda Habibu ke faɗa, a gajarce, da ladabi: "To, faif, ziro, ziro."

Ban gane ba da farko. Ya sake faɗa.

"To ɗinmu na Hausa, Malam Sule. Na ba shi umarni, ya ce to, sannan ya maimaita lambobi ukun da ya ji. Rediyo tana ƙara saboda hadari. Ni na ji tu. Na ji biyu, biyar, sifili, sifili, daidai abin da na faɗa. Na ce masa madalla. Baturen bai ji na gyara ba, ya sauko."

Ya zuba mini shayi na biyu.

Ya ce bayan kwanaki masu bincike suka zo daga babban birni, da Turawa biyu. Duk maganar da ake yi a hasumiya ana ɗaukarta a kaset. Suka saurara, suka ce shi ba shi da wani babban laifi, yaron ya maimaita daidai sannan ya saɓa, ya sa aka kai jirgi ƙasa da inda aka ce. Haka za su rubuta. Suka sa masa kaset ɗin don ya sa hannu. A ji na uku ya gane abin da Habibu ya faɗa.

"Babu wanda ya ji sai ni. Turawan ba su san Hausa ba, namu kuma ba su san shi ba. Da na yi shiru da yanzu ina sama ina shan iska. Amma za a rubuta cewa ya ji magana ya ƙi bi, alhali bin maganar ne ya kashe shi. Na ce su mayar da kaset baya. Na faɗa musu komai, har gaisuwar da muke yi. Suka gyara takarda, suka sallame ni."

Abin da mutumin kamfani ya kawo mana Kano ke nan, cewa ya amsa laifi da bakinsa. Gaskiya ya faɗa, sai dai rabi.

Yanzu ga abin da ban faɗa wa Isuhu ba, ban kuma faɗa wa kowa ba sai a wannan takarda da kuma wurin Inna. Habibu yana yaro ba ya amsa aike. In ka ce ya je ya ɗebo ruwa, sai ya juya ya tafi kawai, ko ya maimaita maka maganarka kamar aku. Ni na cire masa wannan. Na ce in babba ya ba ka umarni, kafin komai ya fito daga bakinka ka ce to. Na sa shi ya durƙusa a tsakar gidanmu a kan wannan, na taɓa tsinka masa tsumagiya a kan wannan. Har ya zama ko a waya ka kira shi, ko yana da igiya a kafaɗa, sai ya ce to kafin ya ce wani abu. Mutane suna yaba ladabinsa, ni kuma ina jin daɗi ana cewa riƙon Sule ne. Da Isuhu ya kwaikwayi muryar, ban nemi wata shaida ba. Na san inda aka ƙera kalmar nan.

Na san za ku ce ajali ne, kuma haka ne. Malamai sun faɗa mini, na yarda. Amma da zan yarda da ajali a kaina, me ya hana ni yarda da shi a kan Isuhu shekara uku?

Da muka sha shayi na uku ya ce, "Yanzu ƙurar hanya ta sauka. Da wane saƙo ka zo?"

Na ce, "Inna ce ta ce in gaishe ka."

Ya sunkuyar da kai. Daga bayan labulen zaure Hajiya Tamadi ta yi gyaran murya. Ashe tun ɗazu tana zaune a nan.

Ta ce, "Ɗana, ni ma uwa ce. Uwa ba ta ɗora ɗanta a mota kwana uku don gaisuwa. Abin da aka ba ka amana ne, ba naka ba ne da za ka canza shi a hanya. Faɗa masa yadda aka faɗa maka."

Na ce, "Hajiya, ki yi mini rai."

"Faɗa masa. Ya daɗe yana jiransa."

Inna ta ce in kalli tsabar idonsa. Ban iya ba, tabarma na kalla. Na ce uwar Habibu ta ce ba ta yafe ba, duniya da lahira. Muryata ta fito ƙarama, kuma na tuna wace murya yake ji.

Isuhu ya ɗago kai. Sannan ya ce, "Na ji. Ka ce mata na ji, kuma tana da gaskiya." Na ji tsohuwar ta tashi da ƙyar, tana lalube bango, ta shige ciki.

Washegari da sassafe ya kai ni maƙabarta. Yana cikin waɗanda suka yi wa Habibu wanka, shi ya shiga ramin ya karɓe shi. Kabarin yana gefe, an kewaye shi da ƙananan duwatsu, babu ciyawa ko ɗaya a kansa alhali damina ce, na kusa da shi duk sun rufe. Ban tambayi mai cirewa ba. Muka yi addu'a. Na so in ce wa Isuhu ya yafe mini, na juya maganar a bakina har muka fito, har muka iso tasha. Da mota ta tashi abin da na iya cewa shi ne a gaida gida. Ya miƙo mini ƙullin cuku ta taga, irin busasshen cukunsu na nono, ya ce tsohuwa ta ce a kai wa Inna, yana da daɗi da shayi ga mai sauran haƙori.

Komowa ba ta da labari. Motoci ukun nan dai, da iyaka, da Daura. Na isa Tarauni ranar Lahadi da azahar. Inna ta tambaye ni ko na ga kabari, na ce na gani, yana da kyau. Ta tambaya ko na ga mutumin, na ce na gan shi. Ko na faɗa masa? Na ce na faɗa. Ta ce alhamdu lillahi, yau za ta yi barci. Na bar ta a haka. Cukun na kai shi ɗakina na Gyadi-Gyadi na sa a ƙarƙashin gado, don ban san sunan da zan ba shi ba.

Kwana tara ina zuwa gaishe ta ina jin ta tana shafa addu'a da sunan mutumin a ciki kamar da. A cikin kwanakin nan ne kuke tambayata ina ce muku burodi. Rana ta goma na je bayan na tashi daga aiki, na tarar tana tsince shinkafa a faranti. Na zauna a bakin ƙofar ɗakinta na faɗa mata duka, tun daga sallama har kaset, har tsumagiyar. Ba ta katse ni ba. Hannunta dai ya tsaya a cikin shinkafar.

Da na gama ta ce, "Kai wa ya koya maka cewa to?"

Ba ta jira amsata ba.

"Ni ce. Kada ka ɗauke wannan kai kaɗai, ba ka isa ba." Ta ture farantin gefe. "Da ka faɗa masa maganata, shi kaɗai ne?"

"Da mahaifiyarsa."

"Tana da rai?"

"Tana da rai. Ita ta dafa tuwon da na ci."

"Kafin ka faɗa ko bayan ka faɗa?"

"Kafin."

Inna ta ja mayafinta ta rufe fuska. Ba kuka take yi ba, na san kukanta. Daga cikin mayafin ta ce, "Na aiki ɗana ya je ya tsine wa ɗan wata a gabanta, da tuwonta a cikinsa."

Na ce zan rubuta musu wasiƙa, akwai direbobin Damagaram da za su kai. Ta sauke mayafin ta ce maganar da aka kai da ƙafa ba a janye ta da takarda. Na tuna mata da gwiwarta, da cewa rabonta da fita Kano tun kafin a haifi Habibu, ga hanya babu kyau, ga kwana a daji in taya ta fashe. Ta saurare ni har na gama.

Ta ce, "Mota nawa ake shiga?"

Na ce uku.

Ta dafa bango ta miƙe, ta tsaya a kan ƙafafunta tana gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Za su iya uku. Ka je ka nemi hutu."